Gaisuwar da Aka Yanke wa Mma

Har yau in na shiga trotro na tarar direba ya kama tashar nan ta gwamnati, sai in ce masa ya canza ko ya sauke ni. Fasinjoji sukan yi dariya, wani ya ce, "Hajiya, me rediyo ta yi miki?" Ta yi mini kuwa, kuma shekarun da suka wuce ba su sa na huce ba.

Mahaifiyata, wadda duk lungunanmu na Asawase ke kira Mma, zabiya ce. Ba a biki ko suna a unguwarmu ba tare da ita da matanta masu amshi sun kifa ƙore sun zauna ba. A hagunta kullum akwai aminiyarta, wadda nake kira Mma Ƙarama. Ita ke buga ƙwaryar ruwa, wato ƙwaryar da ake kifawa a cikin daro mai ruwa, a doke ta da sanduna ta ba da murya mai zurfi da mutum ke ji a ƙirjinsa. Mma Bahausa ce, fataucin goro ya kawo kakanta Kumasi. Mma Ƙarama kuwa mutuniyar Camba ce, iyayenta daga Togo suka zo. Da aka haife ni Mma ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, Mma Ƙarama ta ɗauke ni ta shayar da ni tare da ɗanta. In na ce uwata ce, ba kara nake yi mata ba.

Mma tana da ƙa'idar da ta gada daga tsohuwar da ta koya mata: ba a shiga waƙa sai an gama gaisuwa. Gaisuwa kuwa a Zongo ba ƙaramin aiki ba ne, don kowace ƙabila da manyanta, kuma kowa ya kasa kunne ya ji ko za a tsallake shi. Takan fara da sunan Allah da salatin Annabi, ta yi wa iyayengijinta da suka rasu addu'a, ta gai da Asantawa masu ƙasa, sannan ta bi mu ƙabila-ƙabila: Mosi, Dagomba, Wangara, Zabarma, Fulani, Yarbawa, Farafara, Busanga, Kotokoli, da sauransu. Daga nesa take farawa ta gangaro kusa. Takan ce baƙo ake fara miƙa wa ruwa, na gida ya san inda randa take. Kuma ba ta kiran kowa sau biyu, don in ta yi wa ɗaya, saura za su ce su ma.

Na ƙarshe a bakinta su ne mutanen Camba. Hausawanta ma sai ta sallame su kafin ta kai can. In ta iso wurin, masu amshi duk sukan ɗaga hannu daga ƙorensu, Mma ta juya hagu, ƙwaryar ruwa kaɗai ta riƙa amsa mata. Nan take daɗewa. Ta kira garuruwansu, ta kira iyayen Mma Ƙarama da kakanninta, ta ce ga waɗanda suka ba 'yarta nono ranar da nata ya ƙafe. Ina yarinya kunya nake ji in an zo wurin nan, don kowa sai ya waiwayo ya dube ni.

A shekarar da abin ya faru ni babba ce, da shagon ɗinkina da 'ya'yana. Wata safiya wani saurayi ya yi sallama gidanmu, rigarsa ta sha guga, yana ƙamshin turare. Ɗan unguwarmu ne, Mma ce ma ta yi waƙa ranar sunansa, ya yi karatu ya samu aikin gabatar da shirin Hausa na ranar Asabar a gidan rediyon gwamnati. Ya durƙusa har ƙasa ya ce suna so a kawo kiɗan gargajiya kai tsaye, mutane sun gaji da na inji. Mma ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ni ce dai na tambaye shi lokacin nawa za a ba su, don na san tsawon gaisuwar uwata.

"Anti, awa guda cur, duk nasu ne," in ji shi. "Kar ki damu kwaraa, ko kaɗan."

Kafin Asabar ta zo, labari ya gama Zongo. Gidanmu ya zama kasuwa. Mai wake da shinkafa ta bakin titi ta aiko da kwano, ta ce kar a manta da Dagomba. Wata tsohuwa Bafarafara da rabonta da gidanmu tun rasuwar Baba, ta tako da sandarta don kawai ta tuna wa Mma suna nan da ransu. Kowa ya zo da "kar ki manta da mu", babu wanda ya tambayi wace waƙa za a yi.

Wadda ta fi kowa ɗaukar abin da zafi ita ce yayar mijin Mma Ƙarama, wadda muke kira Gwaggo. Ita ce babba a matan danginsu na unguwarmu, mace mai faɗa a ji, kuma ta daɗe da jin haushin cewa in ana lissafa mutanen Zongo a wurin taro, sau da yawa akan manta da Camba don ba su da yawa. Ta ce yau duniya za ta ji su. Ta yi aron kujeru ta jera a tsakar gidanta, ta dafa shinkafa tukunya guda, ta sanar da danginsu na Togo cewa su riƙe waya a hannu, za a kara musu ita a jikin rediyo. A lokacin kuma saura 'yan makonni bikin autar Mma Ƙarama, ƙanwata ta nono, yarinyar da Mma ta yi wa wankan farko. Duk yayyenta Mma ce ta raka su ɗakin miji da waƙa, don haka babu wanda ya taɓa tunanin nata zai bambanta.

Ranar Asabar bayan azahar muka cika trotro da ƙore da daro da jarkar ruwa. A gidan rediyon, injiniyan da ke kula da na'urori, wani Ba'asante mai ƙaton tumbi, yana ganin Mma Ƙarama na tsiyaya ruwa kusa da wayoyinsa ya ɗora hannu a ka.

"Nsuo? Daabi, daabi!" Wai ruwa ba zai shiga ɗakinsa ba.

Sai da na yi masa Twi, yarensu, na shimfiɗa buhuna a ƙarƙashin daron, sannan ya yarda yana ƙunƙuni. Ban riƙe shi da wannan ba, aikinsa yake tsaro.

Muna shirin shiga sai ga wani babban ma'aikaci da jakarsa, wai ya zo yi wa mutanen Zongo bayani kan share kwata. Saurayin nan namu ya hau rawar jiki, ya ce mu ɗan jira a baranda, oga zai yi magana kaɗan. Kaɗan ɗin nan ta zama huɗuba. Tsofaffin mata suna zaune a benci da ƙore a cinya, lalle ya kama hannuwansu, sun yi anko, shi kuwa yana ciki yana koya mana yadda ake zubar da shara, kamar mu muka hana motar kwasar shara shigowa unguwarmu. Da ya fito na tare saurayin na nuna masa agogo.

"Anti, na yi magana da na sama," ya ce. "Za mu ci lokacin labarai kaɗan. Su yi abinsu yadda suka saba."

Ƙarya yake yi. Bai yi magana da kowa ba, kuma bai ce wa Mma ko uffan kan abin da ya rage na lokaci ba. Da ya faɗa mata, da ta san yadda za ta yi, mace ce da ta sha rage waƙa in an kira sallar magariba.

Aka shigar da su ɗakin mai sanyi, ni aka zaunar da ni bayan gilashi wurin injiniya. Jar fitila ta kama. Mma ta rufe ido ta ɗauko daga sama, muryarta tas, ba rawa ba gargada. Ta gai da masu ƙasa, ta bi Mosi, ta bi Dagomba, ta bi kowa. Na ga injiniyan nan mai ƙunƙuni yana kaɗa ƙafa. Ta zo kan Hausawa ta sallame su. Masu amshi suka ɗaga hannu, Mma ta ja numfashi ta juya hagu.

Nan fitilar ta mutu. A ɗakin da nake, sai na ji kiɗan labarai daga Accra ya maye wurin. Injiniya ya zare abin kunnensa ya jawo ƙunshin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Saurayin yana kusurwa yana latsa waya. Ta cikin gilashi kuwa ga Mma, ido a rufe, tana kiran garuruwan Camba ɗaya bayan ɗaya, ƙwaryar ruwa tana amsa mata. Na miƙe na doki gilashin, injiniya ya riƙe mini hannu. Ya ɗan murɗa wani abu don in ji, wataƙila tausayina ya ji. Wallahi ban taɓa jin Mma ta yi wa Camba gaisuwa irin ta ranar ba. Ta daɗe, ta yi kyau, Mma Ƙarama tana kiɗa hawaye na zuba. Duk duniya mu kaɗai muka ji, mu da mai cin ayaba.

Da suka fito na faɗa wa Mma tun a baranda. Ba ta gane girman abin ba. Ta ce, "Ai na faɗa. Abin da baki ya faɗa ya faɗu." Mma Ƙarama ce ta gane, don ta san su wa ke gida suna jiran a kira su.

Ka tuna abin da mutane suka ji a gida. Sun ji an kira kowa, sun ji an ƙare da Hausawa, dangin mai waƙa, sun ji ta ja numfashi, sai labarai. Da muka biya gidan Gwaggo, yara na tattara kujeru, tukunyar shinkafa tana nan ba a ko buɗe ta ba. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta ta cika ta batse. Ita Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Ka kira Mosi, ka kira Farafara, har Asante ka kira," ta ce wa Mma. "Mu ne ba mutane ba? Na sa waya a rediyo, mutanen gida suna ji. Suna tambaya na, ina namu? Me zan ce musu?"

Mma ta yi bayani, na yi bayani, Mma Ƙarama ta rantse da Allah cewa an yi, kuma ita ta buga.

"Kai yi shiru," Gwaggo ta ce mata. "Tun kana yarinya kana bin bayansa kamar jela. In ma an yi, wa ya ji? Kullum mu ne ƙarshe, wai girma ne. To ga girman. Na ƙarshe shi ake yankewa."

A nan take ta yanke hukunci: bikin auta ba da Mma ba. Za a ɗauko samarin nan masu manyan lasifikoki su cika layi da ƙara. Mijin Mma Ƙarama mutum ne da bai taɓa musa wa yayarsa ba, ya sunkuyar da kai ya shige masallaci.

Raina ya ɓaci da Gwaggo, har yau ma bai gama gyaruwa ba. Matar nan ta zauna a bukukuwa ba iyaka tana share hawaye lokacin da Mma ke juyawa hagu, ta san ma'anar wurin sarai. Amma ban ɗora mata laifin duka ba, kunya aka ba ta a gaban danginta. Wanda ya ba ta kunyar na sani, don haka ranar Litinin na rufe shago na tafi gidan rediyo.

Ya bar ni a baranda har na gaji da zama, sannan ya fito yana murmushi. Na tambaye shi ko an naɗi ƙarshen waƙar, in kai wa Gwaggo ta ji da kunnenta.

"Anti, laif ne ai, kai tsaye. Ba mu ɗauka ba."

Na ce to ya ba Mma ɗan lokaci ta ƙarasa. Ya ce an riga an tsara shirye-shirye har bayan Sallah. Sannan ya gyara wuyan riga ya ƙara da abin da ba zan manta ba.

"Amma gaskiya, Anti, ku ma kun cika gaisuwa paa. Mutane waƙa suke so su ji. Gaisuwa ai ba waƙa ba ce."

Na dube shi daga sama har ƙasa. Na ce, "Ranar sunanka, da wannan gaisuwar aka kira kakanka har uwarka ta yi kuka. Yau ka sa takalmi mai tsini, ta zama ba waƙa ba?" Na ɗaga murya har mai gadi ya leƙo. Na ce ba awa nake nema ba, ba minti nake nema ba, magana ɗaya tak: ya faɗa a shirinsa cewa Mma ta gai da Camba, gidan rediyo ne ya yanke. Ya ce, "Yoo, Anti, ranar Asabar in sha Allah." Har da dafa ƙirji.

Na aika wa Gwaggo cewa ta kunna rediyo ranar Asabar. Mu ma muka zauna, ni da Mma, rediyo a kan tabarma tsakaninmu. Ya sa waƙoƙin inji, ya buɗe waya, ya shafe rabin shirin yana gai da abokansa, wane na Oforikrom, wane mai sai da waya a kasuwar Kejetia, wane da amaryarsa. Mai cewa mun cika gaisuwa ke nan. Har aka buga kiɗan labarai bai ambaci Mma ba. Daga baya na gane dalili: in ya faɗa, na sama da shi za su san ya yi wasa da lokaci. Ya gwammace tsohuwa ta ɗauki laifin. Mma ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta tashi ta yi alwala.

Saura kwana kaɗan biki, Mma Ƙarama ta shigo da hantsi, ta tarar da Mma na tsintar wake. Ta zauna ta hagunta kamar kullum, ta jawo tiren ta sa hannu.

"Yaya ta sauko," Mma Ƙarama ta ce, tana nufin Gwaggo. "Ta ce ki zo. Amma sai kin fara da mu. Daga salati, sai Camba."

Mma ba ta ɗago ba. "Ke ma kin san wa ake farawa da shi."

"Na sani."

"Kuma kin san ba na kira sau biyu. In na ɗauke ku na kai gaba, kun tafi ke nan. Kowa zai ji, kuma gobe ba zan iya mai da ku ba."

"Na sani, ƙawata. Amma yarinyar nan ta daina cin abinci. Ta ce in ba ke kika raka ta ba, ita ba ta san an yi mata aure ba."

Ni da ke gefe na kasa haƙuri. Na ce Mma kar ta yarda, su je su ɗauko lasifikokinsu su kurmance, don me za ta biya bashin ƙaryar wani. Mma ta ce, "Ke, rufe mini baki. Da nonon wa kika yi ƙarfin wannan faɗan?" Ta ture tiren ta ce wa aminiyarta ta je ta ce yarinya ta ci abinci.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa rumfa a layi, mata suka cika ta. Amarya na zaune a lulluɓe, ƙafafunta baƙi wuluk da lalle. Mma ta kifa ƙwaryarta, Mma Ƙarama ta tsiyaya ruwa a daro. Mma ta kira sunan Allah, ta yi salati, sannan kafin masu ƙasa, kafin kowa, ta kira Camba.

Wuri ya kaure da guɗa. Gwaggo ta miƙe da ƙaton jikinta ta shiga fili tana rawa, waya a sama don mutanen Togo su ji. Mma ta yi musu gaisuwa mai kyau, mai tsabta, irin wadda take yi wa Mosi da Wangara: sannunku da zuwa, Allah ya ja zamaninku, Allah ya bar zumunci. Ba ta kira kakan kowa ba, ba ta yi zancen nono ba, ta wuce. Babu wanda ya lura, suna ta murna an fara da su.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan Hausawa ta sallame su. Masu amshi, da sabo na shekara da shekaru, suka ɗaga hannu daga ƙorensu. Rumfa ta yi tsit. Ƙwaryar ruwa kaɗai ta ci gaba, tana bugawa tana jira. Mma ba ta juya ba. Idonta na kan amarya. Ƙwaryar ta sake bugawa, ta sake, sannan ta tsaya. Mma ta ja numfashi ta shiga waƙar rakiyar amarya, kuma ta yi ta yadda ya kamata, yarinya ta yi kukanta ta tafi ɗakin mijinta.

Haka gaisuwar ta zauna har Mma ta daina waƙa. Sun ci gaba da zama tare, ɗaya a hagun ɗaya, amma wurin nan da ƙore ke yin shiru ya ɓace, masu amshi suka koyi wucewa ba tsayawa. Saurayin kuwa an ƙara masa girma. In mun haɗu a Kejetia yakan ce, "Anti, ina gajiya?" Ban taɓa amsa masa ba.

A ranar bikin, da aka watse, na bi Mma Ƙarama bakin kwata in taya ta ɗaukar daro. Tana zubar da ruwan, sai Gwaggo ta iso, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, fuska cike da fara'a. Ta dafa kafaɗarta.

"Ka gani ko? Yau an fara da mu. Yanzu mun samu girma."

Mma Ƙarama ta kife daron, ta goge ƙwaryar da bakin zanenta.

"E, Yaya," ta ce. "Mun samu."